Famfon da Aka Bari a Gida

Faci ake ce masa, don gyaran keke ne sana'arsa. Duk shekara yakan rufe shago, ya ɗaure tanti da tukunya a bayan keke, ya yi kwanaki a daji. Bana ya tafi da ƙaninsa, ya bar masa haɗa kaya.

Can tsakiyar daji ƙaya ta huda taya. Faci ya liƙe hujin, ya ce a miƙo famfo.

"Yaya, na cire shi, rediyo ce ta rasa wuri."

Idon Faci ya kaɗa jawur. "Amma ka cuce ni! Zo ka hura da bakinka!"

Da ƙafa suka dawo. Har yau ko allura ƙanin ya zo aro, sai Faci ya ce, "Je ka rediyo ta ba ka."