Keken da Mai Koyil Ya Haɗa wa Auta

Shekara talatin da ɗaya Mai Koyil ya yi a shago guda, wani ɗan tsukuku tsakanin mai facin taya da mai sayar da fenti. Sana'arsa naɗin waya: fanka, injin ban ruwa, duk abin da ya ƙone a kawo masa ya tashe shi. Ba shi da yawan magana, hannunsa kullum baƙi ƙirin da ƙurar tagulla.

Ƙaninsa, wanda ake kira Auta har ya fara furfura, direban babbar mota ne. Ranar da motar ta kife da shi ƙashin bayansa ya taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ya daina jin komai. Shekara shida yana ɗaki, daga katifa sai bakin taga. In Mai Koyil ya je gaishe shi, sai ya tarar ya kasa kunne wajen titi.

"Yaya, ka ji waccan? An yi mata lodi ya wuce ƙima, ji yadda take nishi."

Maganar nan ce ta hana Mai Koyil sakat. Ya samo gangar jikin wani tsohon babur mai taya uku, ya ɗora masa injin lantarki, ya mayar da birki da totur duka hannu. Saura batir, sabo kuwa ya fi ƙarfinsa. Sai ya shiga bin masu gyaran kwamfuta yana karɓar matattun baturan litiyam, ya fasa, ya zaro ƙwayoyin ciki, kowace kamar babban yatsa. Wata biyar yana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Cikin ɗari bakwai ya zaɓi ɗari biyu da tamanin, ya jera su layi-layi, ya rufe a akwatin ƙarfe ƙarƙashin kujera. Lissafinsa a takarda ya ba shi kilomita sittin.

A titi arba'in da uku ya yi.

"Takardar taka ba ta taɓa hawa tudu ba, Yaya," in ji Auta, yana dariya har da hawaye. Rabon da a ji dariyarsa an manta.

Arba'in da ukun ma ta wadatar. Tashar manyan motoci kilomita goma sha bakwai ce daga gida, kuma tsofaffin abokan aikinsa suka nema masa aikin rubuta lambar motoci a bakin ƙofa. Wata takwas yana fita da safe cikin riga mai guga, yana dawowa da labarai.

Da zafi ya shigo, nisan ya fara raguwa: talatin da takwas, talatin da shida. Mai Koyil ya lura, ya ce a ransa zai duba in aiki ya yi sauƙi. Wata rana da azahar, a tsakiyar tudun da ke gaban gada, keken ya ɗauke ɗif. Layi ɗaya na ƙwayoyin batirin ne ya gaza, ɗan allon da ke gadin batirin ya yanke wuta gaba ɗaya. Kusan awa biyu Auta yana zaune a rana kafin wasu masu wucewa su tura shi gida.

Sai da matarsa ta zo yi masa wanka ta gani. Akwatin ya yi zafi tun a hanya, ya gasa masa bayan cinya, fata ta saluɓe kamar faɗin tafin hannu, shi kuwa bai ji komai ba.

"Yaya, ka zo ka ga aikinka," ta ce daga bakin shago, ko gaisuwa babu. Ba ta taɓa yi wa Mai Koyil magana haka ba.

Ciwon ya ci wata uku, ya ruɓe sau biyu. Mutanen tasha sun jira iya jiransu, daga baya suka ɗauki wani.

Mai Koyil ya buɗe akwatin. Ƙwaya goma sha ɗaya sun mutu, biyu sun kumbura suna wani wari mai zaƙi-zaƙi. Ya canza su, ya mayar da akwatin baya, ya huda masa hanyar iska. Amma ƙwayoyin ba sa'o'in juna ba ne, kowace da wahalar da ta sha kafin ta zo hannunsa. In ya gyara wannan layi, wancan ya faɗi. Fankokin mutane suka taru a shago suna shan ƙura, masu su suka gaji da zarya suka kwashe. Duk da haka keken bai ƙara wuce kilomita goma sha biyu ba.

Da Auta ya warke, sau biyu ya hau, iyakarsa bakin layi. A na uku ya girgiza kai.

"Yaya, ka bar shi haka. Ka yi iya yinka."

"Layi ɗaya na ƙwayoyin ya rage in gyara, Auta. In na samu ƙwayoyi masu kyau..."

"Ni ne ba na so. Ina tuƙi ina shafa cinyata. Wannan ba tuƙi ba ne."

Washegari Mai Koyil ya kwance batirin, ya ɗauko shi a kafaɗa har shago. Tsoron ajiye shi a ciki yake yi, tsoron jefa shi a bola kuma yake yi, kada ya kama da wuta a hannun wani. Ya nutsa shi cikin wani tsohon duro, ya cika da yashi, ya tura bayan shago. Yana nan har yau.