Sandar Baffa Ardo

Har gobe ban manta da ranar da Baffa Ardo ya ƙi mu ba. Lokacin ina majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, a wata likita, wato asibiti, cikin Dogon Dutsi. An turo mana lokotoro, wato dakta, 'yar Sin, ita ta koya mana cigun: motsa jiki a hankali tare da jan numfashi. Yana saukar da tansiyo, wato hawan jini, yana ƙarfafa ƙafa. Kowace safiya muna tara marasa lafiya a tsakar gida mu yi.

Baffa Ardo makiyayi ne daga wajen Dogon Kiriya, ɓarin jikinsa ya shanye. Babban baƙin cikinsa sallar zaune. Da aka fito da shi ya ga mutane na ɗaga hannu sama suna lanƙwasa, sai ya ɗaure fuska.

"Majo, ni musulmi na. Ba ni rawar bori da tsuhwana."

Na yi bayani har bakina ya bushe, a banza. Raina ya ɓaci, don na san in ya koma ruga haka, ƙafar za ta sandare ke nan.

Lokotoro ba ta yi musu ba. Sandarsa ta nuna, ta ce in tambaye shi yadda yake riƙe ta wurin kiwo. Ya gicciya ta a kafaɗa, na taimaka masa ya rataya hannuwa. Ta ce ya waiga kamar mai duba garke, dama, sannan hagu, yana sakin numfashi sannu.

Ya yi dariya. "Wanga ai tsayuwar kiwo ta. Mi ad da wuya?"

Da sandar nan ta bi da shi har aka sallame shi.

Bayan damina, ran wata Juma'a, na waiga a masallaci na gan shi cikin sahu, a tsaye. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Da aka idar ya riƙe hannuna.

"Ina ɗiyar nan? Nono nik kawo mata."

Ta riga ta koma ƙasarsu. Ni ma ban samu na gode mata yadda ya kamata ba.

Ku yaran yanzu, in marar lafiya ya ƙi ku, kada ku ce taurin kai ne. Ku fara duba abin da ke hannunsa.