Sunan da Ya Rage a Kasuwar Hilo

A kasuwar Hilo wata tsohuwa tana zaune tana jera furanni a zare, ƙafafunta a kumbure. Connie kowa yake ce mata; ƙila wata malamar makaranta ce ta laƙaba mata don sauƙin kira.

Wata mai ciki ta tsaya gabanta. “Gwaggo, an ce sunanki na yanka Kanilehua, wato sunan yayyafin garin nan, kuma ke kaɗai kika rage da shi. Kin yarda in sa wa 'yar da zan haifa?”

Tsohuwar ba ta ɗago ba. “A mafarki aka ba kakata shi, ba tsintarsa ake yi ba.”

Ta ja zare, ta nisa. “Ɗauki. Amma ki riƙa kiranta da shi. Ni rabona da jin an kira ni da shi tun rasuwar uwata.”