Takardar Masu Faɗuwa Ranar Juma'a

Shekarun baya, zamanin da kuɗin man fetur suka fara zagayawa har ƙaramin ma'aikaci ya san ƙamshin sabon babur, ina aikin buga tafireta a wani ofishin gwamnati a Sakkwato. Saurayi ne ni a lokacin, ina zaune da mahaifiyata a Tudun Wada. Hannuna yana da sauri, kuma ba ni da yawan magana, saboda haka duk wasiƙar da ba a so kowa ya gani ni ake miƙa wa.

Ina da aboki a ɗakin ajiye fayil na ofishin. Da aka yi mana ƙarin albashi, wasu suka sayi keke, wasu rediyo, shi kuwa ya je ya ɗauko talabijin, alhali ko kujera babu a ɗakinsa. A nan muka fara ganin kokawar Turawa: ƙatti sanye da ɗan kamfai a dandali mai igiyoyi, wannan ya hau igiya ya diro a kan wancan, alƙali ya kwanta yana dukan ƙasa. Mu da muka tashi muna kallon kokawar bayan girbi, wadda da zarar bayanka ya taɓa ƙasa an gama, abin ya ɗaure mana kai. Abokina ne ya fara gano cewa duk shiri ne. Ya ce akwai wani a bayan fage da yake zaɓar wanda zai yi nasara da wanda jama'a za su tsana. Daga ranar ya daina sha'awar ƙattin, aikin wancan mutumin yake so.

Sai muka ƙirƙiro wasanmu. Kowa zai kafa ƙungiya ta mutum goma, a riƙa zaɓa bi da bi. Kowane ɗan kokawa a ba shi maki cikin goma a kan abu uku: ƙarfi, wayo, da baki, wato iya cika baki kafin a kama. Bayan nan a tsara wa zai kara da wa, a kuma yanke wanda ya dace ya faɗi don labari ya yi armashi. In gardama ta ƙi ƙarewa, mu jefa ɗan lido ya raba mu.

Matsalar ita ce Turawan talabijin ɗin ba su kai ashirin ba, sunayensu kuma sai su karya wa mutum harshe. Wata Asabar da la'asar muna zaune a tabarma muna ɓarar gyaɗa, abokina ya dube ni ya ce, "Mi za shi hana mu ɗauki mutanen ofis?"

Da ina da hankali da a nan na tashi na tafi gida. Sai na gyara zama.

Shi ya ci zaɓin farko, bai ko yi tunani ba ya ɗauki babban akawunmu, wani ƙato wanda tumbinsa ke riga shi shiga ofis. Muka sa masa suna Randar Gidan Biki, muka ba shi ƙarfi tara. Ni na ɗauki maigadi, don na taɓa ganin ya ɗaga gindin mota ita da fasinjanta. Muka yi kusan awa ɗaya muna jayayya a kan mai kula da sito, ko wayonsa takwas ne ko goma. Haka muka yi ta rabon bayin Allah kamar naman watanda, har saura mutum biyu da kowa yake gudu. Ɗaya tsohon direbanmu ne, dattijo mai shiru-shiru da ke jan motar ofis kamar yana ɗauke da ƙwai. Ɗayan kuwa shugaban ofis ne da kansa, siriri mai tabarau, wanda in yana magana sai ka matso kafin ka ji, amma kowa tsoronsa yake yi. Na ɗauki direba, na ce shi ko ba komai yana canza taya. Abokina ya rage da shugaba. Muka kira shi Tsinken Tsire: ƙarfi biyu, wayo goma, baki ɗaya.

Ran Litinin sai na ga ai bai dace aiki mai kyau haka ya zauna a bayan takardar sabulun da muka rubuta shi ba. Na zari takardar ofis mai kauri, mai tambarin gwamnati, na sa kabon don kowa ya sami tasa. Na cire sunayen barkwancin na bar na gaskiya, wai don kada wani ya gani ya ji haushi. Kun ji irin hikimata. A sama na buga da manyan baƙaƙe: Waɗanda za su faɗi ranar Juma'a. Mutum goma, kowa da makinsa da ɗan bayani. A ƙasa kuma: Waɗanda za su tashi sama. Abokina ya gani ya ji daɗi, ya ɗauko hatimin sirri na ɗakin fayil ya danna a kai. Na kai tawa gida. Tasa kuwa, a garin sauri, na haɗa ta da wasiƙun da ake kai wa teburin babban akawu.

To, a wancan lokacin soja na sallamar ma'aikata babu sanarwa. Mutum zai fito aiki da safe, da rana ya ji sunansa a rediyo, an ce ya tsufa ko ba ya taɓuka komai. Kowa gabansa faɗuwa yake yi in an fara labarai. A cikin wannan hali babban akawu ya ci karo da takarda mai tambari, mai hatimin sirri, bugun tafiretata, da sunan shugaba a sahun masu faɗuwa, nasa kuma a kan gaba cikin masu tashi.

Kafin azahar ta Talata babu wanda bai ji ba, in ban da shugaban kansa, don wa zai tunkare shi da wannan magana? Aka ce soja ne suka turo masu bincike a ɓoye suka auna kowa. Aka yi ta fassara makin. Ƙarfi, wai ƙwazon aiki ke nan. Baki kuwa, wai yawan gulma. Abokina yana jin haka zazzaɓi ya kama shi nan take, ya tafi gida, bai sake leƙowa ba sai da komai ya wuce.

Ni kuma na yi gum. Tsoro ne, don wanda ya yi wasa da takardar gwamnati a irin wannan lokaci ya san sauran. Amma in zan faɗi gaskiya, akwai kuma daɗi. Mutanen da ba su taɓa amsa gaisuwata ba suka koma tambayata ya mutanen gida. Babban akawu ya dafa kafaɗata ya ce in ya hau kujera ba zai manta da ni ba, kuma aka ce har ya kai ɗinkin babbar riga. Ran Laraba na koma gida na tarar da zabi biyu ɗaure a tsakar gida, mai kula da sito ya aiko. Mahaifiyata ta tambaye ni wane matsayi aka ba ni da ban gaya mata ba. Na ce mata ai mutunci ne kawai. Ta dube ni ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin mutunci ya zo da ƙafa ɗaure ba, ta hana a yanka.

Ran Alhamis bayan sallar azahar, tsohon direba ya tsayar da ni a gindin dogon yaro da ke bakin ofis. Ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi wa yaro ba.

"Ɗana," ya ce, "ni ban iya karatun boko ba. An ce sunana na cikin wagga takarda, an ce an rubuta na tsuhwa. Ba roƙo niz zo ba. Wata goma sha huɗu ya rage mani in kai fansho. In gaskiya ne ka hwaɗa mani, don iyalina sun riga sun ɗaure kaya za mu koma ƙauye."

Na san abin da na buga a gaban sunansa: ƙarfi uku, ya tsufa, a kayar da shi a zagayen farko. Na durƙusa na ce, "Baba, wallahi wasa ne." Na kwashe labari duka na gaya masa, tun daga talabijin har hatimi.

Ya mayar da hularsa, ya kama wuyan hannuna. Jama'a, mutumin da na ba ƙarfi uku ya ja ni tun daga gindin bishiyar nan har hawa na biyu, ƙafafuna da ƙyar suke taɓa ƙasa. Sawun yatsunsa ya yi kwana biyu a hannuna.

Shugaba ya saurare mu, ya sa aka karɓo takardar daga wurin babban akawu. Ya gyara tabarau ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, a hankali, kamar yadda yake karanta komai. Ni kuwa ina tsaye ina tunanin wace sana'a zan koma. Da ya gama ya ɗago ya tambaye ni wa aka haɗa shi da shi. Na ce maigadi, ranka shi daɗe. Ya jinjina kai ya ce to wannan kam an yi adalci, faɗuwa zai yi. Na ga gefen bakinsa ya motsa. Sai ya dubi direba, fuskarsa ta koma yadda take.

"Ni ka zage ni, na yafe," ya ce mani. "Amma wanga dattijo kwana ukku bai rintsa ba, kai kuwa kana nan kana amsa gaisuwa. Da bakinka za ka warware."

Aka tara ma'aikata duka a baranda. Ya sa na karanta takardar da ƙarfi, kuma ya ce in haɗa da sunayen barkwancin da na cire. Da na kai Tsinken Tsire na yi ƙasa da murya, ya ce in ɗaga murya, na baya ba su ji ba. Sai wani ya tuntsire da dariya, wuri ya kaure. Abin mamaki, mutanen da ɗazu suke kukan aikinsu suka koma rigima a kan maki. Mai kula da sito ya rantse wayonsa ya wuce takwas. Wani magatakarda ya bi ni yana tambayar dalilin da ya sa aka zaɓe shi na takwas alhali ya fi na bakwai tsawo. Babban akawu ne kaɗai bai yi dariya ba, kuma har ya bar aiki bai ƙara amsa sallamata da fara'a ba.

Hukuncina shi ne takardar gargaɗi, wadda ni na buga wa kaina, da wata shida ba a ba ni wasiƙar sirri ba. Mahaifiyata da ta ji labari ta sa na mayar da zabin da hannuna, sannan ta ce Juma'a ba za ta wuce ba sai na je gidan direba.

Na same shi a gida bayan sallar Juma'a. Kaya a ɗaure a tsakar gida, har gado an kwance. Bai yi mani faɗa ba, ya nuna mani kayan kawai. Ni na kwance su ɗaya bayan ɗaya, na mayar da gado ɗaki na ɗaura, matarsa tana tsaye tana nuna mani inda kowace tukunya take zama, ba ta ko kallon fuskata. Da na gama ya ba ni fura. Ina sha ya tambaye ni, shi fa da wa na haɗa shi. Na ce da babban akawu, Baba. Ya shafa gemu ya ce, "Kai ma ka yi gaggawa. Da ka bari munka gamu."

Daga baya na yi girma a aiki, har na zama mai rubuta rahoton shekara a kan ma'aikatan da ke ƙarƙashina. An sha yi mani ƙorafi cewa ina jinkiri, fom ɗin da wasu ke cikawa a minti biyar ni sai ya kwana biyu a teburina. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Duk lokacin da na ɗaga biro zan rubuta lamba a gaban sunan mutum, nauyin gadon nan nake ji a kafaɗata. Har yau in na ba da wannan labari a majalisa ana dariya, ni ma ina yi, amma tawa takan riga ta kowa ƙarewa.