Kalangun Na'ibi a Shirin Sojoji

Duk mahaucin da ya taɓa rataye nama a unguwar Karantina ta birnin Jidda ya san Na'ibi Mai-kalangu. A Jidda aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya taso a ƙafa daga ƙasar Hausa, ya yi shekara bakwai a hanya kafin ya ga Ka'aba, kuma abin da ya iso da shi sai kalangu ɗaya. Wannan kalangu Na'ibi ya gada. Da safe yana kaɗa wa mahauta a bakin rumfa, ranar biki kuma ya shiga cikin masu mizmar, rawar sanduna ta mutanen Hijaz, har Larabawan unguwar Hindawiyya su ce in babu shi rawar ba ta yin armashi.

A gidan makaɗa kowa da takensa, wato ɗan gajeren kiɗan da ake kiran mutum da shi. Ɗansa Rafi'u tun yana rarrafe aka yi masa nasa. Ba a taɓa aika kowa neman Rafi'u ba. In abinci ya sauka yana can yana wasa, uban zai tsaya a bakin ƙofa ya matse kalangu a hammata ya buga taken sau uku, sai ga shi a guje, ƙafa duk ƙura.

Da Rafi'u ya girma ya ce shi ba zai rataya kalangu ba, soja zai shiga. Suna da takardar zama 'yan ƙasa, don haka aka ɗauke shi. Ranar tafiya Na'ibi ya tsaya a wannan ƙofar, ya ce, "In ka fita, kada ka dawo mini gida." Rafi'u ya sunkuya ya sumbaci goshin uwarsa Turai, ya ɗauki jakarsa.

Shekarun yaƙin Yaman ne. Aka tura su kudu, bakin iyaka. Ba a yi wata huɗu ba labari ya zo cewa jirage sun yi ruwan bama-bamai a can. Na'ibi ya daina cin abincin kirki. Sau uku yana zuwa wajen mai rubuta wasiƙa, sau uku ba amsa. Ko wasiƙun ba sa isa, ko yaron ya riƙe maganar bakin ƙofa, babu mai iya gaya masa.

"Kai ka kore shi," in ji Turai. "Sai ka san yadda za ka kira shi, Abu Rafi'u. Ni dai ba ni na faɗa ba."

A lokacin akwai wani shiri da ake yi wa sojoji a rediyo duk Alhamis bayan la'asar: waƙoƙi, barkwanci, da gaisuwar iyaye ga 'ya'yansu. Wani ɗan kasuwa, Ustaz Abdulghaffar, shi ke da ɗakin ɗaukar murya inda ake naɗar faifan kafin a kai gidan rediyo. Shi da kansa ya aiko a nemo masa mai kalangu, aka samo Na'ibi, don sojojin Hijaz sun dame shi da neman kiɗan mizmar. Na'ibi ya ce bai nemi komai ba sai abu ɗaya: a bar shi ya gai da ɗansa. Aka ce masa wannan ai ba matsala.

Ranar ɗaukar muryar ya sa farar taubarsa, doguwar rigarsa ta Juma'a. Aka shigar da mawaƙa ta ƙofar gaba, aka kawo musu shayi. Shi da sauran makaɗa aka nuna musu ƙofar baya, suka zauna a kan dakali cikin zafin rana daga hantsi har azahar. Mutumin da kakanninsa biyu ke kwance a ƙasar Jidda, Ustaz bai ko tambayi sunansa ba.

"Ya Hajji, matso nan. Yalla, ba mu da lokaci."

Haka suke kiran duk baƙin mutum, kamar jiya ya sauko daga jirgin alhazai.

Bayan an gama waƙa aka zo kan gaisuwa. Wata tsohuwa ta yi tata, wani mai kanti ya yi tasa. Na'ibi ya matsa gaban na'ura, ya gyara murya. Larabci ba baƙonsa ba ne, da shi yake ciniki, da shi yake faɗa. Amma bai taɓa yi wa ɗansa maganar zuciya da shi ba. Da ya buɗe baki Hausa ce ta fito.

"Rafi'u, babanka ne. Maganar da na yi a bakin ƙofa..."

"Tsaya! Me yake cewa?" Ustaz ya ɗaga hannu. "An hana, ya Hajji. Yaƙi ake yi. Wa ya san saƙon da kake aikawa?"

"To bari in faɗa da Larabci, ya Ustaz."

"Halas, faifan ya cika. Kai dai buga mana gangarka minti ɗaya, mu rufe."

Faifan bai cika ba. Na'ibi yana kallonsa yana juyawa, da sauran fiye da rabi. Yaron da ake tsoron a aika wa saƙon asiri yana can cikin rami yana tsare iyakar da Ustaz ke barci a bayanta. An yarda da shi ya riƙe bindiga, ba a yarda ubansa ya yi masa magana ba.

Na'ibi ya juya ya ɗauko kayan kiɗansa. Ya rataya kalangu, ya fara kiɗan mizmar kamar yadda aka ce. Da ya kai tsakiya sai ya matse tsarkiya, ya buga taken Rafi'u. Sau uku, kamar yadda yake yi in abinci ya sauka. Sannan ya koma kiɗansa ya ƙarasa.

"Wannan ɗan kwaskwarimar ta yi kyau," in ji Ustaz. Bai san an aika saƙo ba.

Ranar Alhamis Turai ta ari rediyon maƙwabta. Aka ambaci mawaƙa ɗaya bayan ɗaya, har da mai sarewa. Da aka zo kan kalangu mai gabatarwa ya ce, "Kiɗan gargajiya daga ƙungiyar Ustaz Abdulghaffar." Turai ta miƙe tsaye.

"Ƙungiyar wa? Wannan da ko tafi bai iya ba?"

"Zauna, Turai. Ji."

Taken ya fito tsaf, sau uku. Kiɗan ya yi wa masu shirin daɗi har suka mai da shi mabuɗin shirin, kowace Alhamis da shi ake farawa.

Bayan mako bakwai, Na'ibi na zaune yana gyaran fatar kalangu, inuwa ta tsaya a bakin ƙofa. Rafi'u ne, ya rame, ya yi baƙi, hannun hagu a ɗaure.

"Baba, ya isa haka. Duk Alhamis kira, duk Alhamis kira. Na ji tun na farko, hutu ne ba su ba ni ba."

"Wasiƙu fa?"

"Wace wasiƙa?"

Na'ibi ya matsa gefe daga bakin ƙofar. "Shiga. Uwarka ta sauke abinci."

An yi shekaru ana buɗe shirin da wannan kiɗa, kuma ko sau ɗaya ba a faɗi sunan Na'ibi ba. Rafi'u ya je ɗakin ɗaukar muryar har sau biyu, cikin kakinsa, ya nemi a gyara. A zuwa na biyu aka ɗauko masa kwalin faifan. An rubuta a jiki: kiɗan Takari, ba a san mai shi ba. Rafi'u ya ce mai shi yana Karantina, tafiyar rabin sa'a. Magatakardan ya ce ba a canja abin da aka riga aka rubuta, ya mai da kwalin inda yake.