Matakalar da Na Nuna wa Goggo a Venis

Jirginmu sai ƙarfe shida na yamma, amma tun asuba Goggo ta tashe ni, ta sa na sake auna akwatuna har sau biyu. Kafin azahar muna filin jirgin Dulles. Wani maƙwabcinmu a Silver Spring mai aikin tuƙi ne ya kai mu, yana ta mitar cunkoson babbar hanyar Beltway har muka sauka. Goggo ƙanwar babana ce. Ita ta kawo ni nan Amurka bayan na gama sakandare a Kaduna, kuma har yau a wurinta nake zaune. Suna za mu je a Padova, ƙasar Italiya, inda 'yarta ta haihu.

Waɗanda suka daɗe suna karanta ni sun san abin da na taɓa faɗa a kan Venis. Shekara biyu da suka wuce na je garin da wata tsohuwa Baturiya da nake kula da ita, 'ya'yanta suka tafi da ni don in riƙa tura ta a keken marasa lafiya. Garin ba mota ko ɗaya, sai ruwa da gadoji, kowace gada kuma da matakala. Kwana uku ina ciccibar keke, ban ga komai ba sai takalman mutane. Na dawo na rubuta cewa garin wari ne da tsada, ko kyauta ba zan koma ba. Amma abin ya tsaya min a rai. Da na ji daga Padova tafiyar rabin awa ce a jirgin ƙasa, sai na ce bari in koma in gan shi da idona, ba da ciwon baya ba.

Goggo ba ta so zuwa ba. Cewa ta yi jikanta ta zo gani, ba ruwa ba. Ni na dame ta, washegarin suna ta yafa mayafi ta biyo ni.

Gaskiya ɗaya zan faɗa: na zalunci garin nan a rubutuna na farko. Kana fitowa daga tashar jirgi sai ka ga ruwa shimfiɗe a gabanka, gidaje masu launin ƙasa da ruwan hoda suna tsaye a ciki. Bas ɗinsu jirgin ruwa ne, tikiti ɗaya ya haura Yuro tara. Masu kai kaya, masu kwasar shara, 'yan sanda, kowa a jirgi. Goggo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Waɗannan ambaliya ce ta ci garinsu suka ƙi tashi." Da ta ji kuɗin shiga dogon baƙin jirgin nan da ake ɗaukar hoto a ciki, kusan Yuro casa'in, ta ce kwalekwale ne fa, fenti kawai aka shafa masa.

Mun ci abinci a wani lungu. Na yi kasada na sa aka kawo min taliya baƙa ƙirin, wai da tawadar wani kifi ake dafa ta. Da daɗi, sai dai haƙorana sun koma kamar na tauna gawayi. Goggo soyayyen kifi ta ci, ta zaro ƙullin yajinta daga jaka ta barbaɗa, ko a jikinta. Ta yi dariya ranar fiye da yadda na saba gani. Wannan ne yake ƙara damuna in na tuna.

Mun jinkirta azahar don mu haɗa da la'asar, tunda matafiya ne. Da rana ta fara karkata, Goggo ta ce lokaci na tafiya. Muna cikin wani fili mai famfon ƙarfe a tsakiya, ruwa mai sanyi na zuba ba tsayawa, mutane na cika gorunansu. Ta aje jaka ta fara naɗe hannun riga. Kewaye da mu kuwa teburan masu shan kofi ne, cike da Turawa.

Kunya ta kama ni. Ba zan ɓoye ba, kunya ce kawai. A raina na hango Goggo tana shaƙa ruwa tana facewa, tana ɗaga ƙafa, su kuma suna ɗaga wayoyi.

Na ce, "Goggo, ba a nan ba. Mutane na kallo."

Ta ce, "Su kalla mana, 'yar nan. Sata nake yi?"

Na ce na ga wuri mafi kyau a baya. Na ja ta wani siririn lungu da ya ƙare a bakin ruwa, babu kowa, ga matakalar dutse tana gangarawa har cikin ruwan, kamar wurin da mata ke wanki a bakin kogi a gida. Ta duba ta ce ai ruwan teku ma yana alwala. Ta cire takalmi ta ba ni na riƙe. Matakala biyun ƙarshe kore ne shar, na ɗauka launin dutsen ne. Ban san ruwan garin yana hawa yana sauka ba, ban san gansakuka ce mai santsin sabulu ba.

Tana taka ta sai ƙafarta ta tafi. Na ji ƙarar hannunta a kan dutse, sai na ga mayafinta kawai a saman ruwa.

Ban iya ruwa ba. Amma ko hannu ban miƙa ba. Na tsaya riƙe da takalmanta ina salati da ƙarfi. Ta ɗago sau ɗaya, zaninta ya sha ruwa yana jan ta ƙasa. Allah ya kawo wani mutum mai kai kayan lambu a jirginsa, ya kashe inji, ya kwanta rub da ciki ya damƙo wuyan rigarta. Shi da wata mata da ta fito daga gida suka fid da ita. Motar asibitinsu ma jirgi ce. A ciki Goggo tana ta amai tana rawar sanyi, abin da ta fara tambayata shi ne ko rana ta faɗi.

Wuyan hannunta na dama ya karye a wuri biyu. Da hannun nan take soya masa da dafa abincin biki ga rabin mutanenmu na Maryland. Likita ya ce sai an cire filasta za a san yadda zai koma.

Mun ƙara kwana biyar a Padova kafin a bar ta ta hau jirgi. A Dulles da keke aka fito da ita. Kafin mu huta gida ya cika da 'yan sannu, har daga garuruwan Sterling da Woodbridge. Kowa ya tambayi yadda abin ya faru, amsarta ɗaya ce: ita ce ta ga matakala ta sauka da rigimarta ta tsofaffi. Ko 'yarta haka ta gaya wa. Ni ina kicin ina zuba shayi. Har yanzu in jirgin ƙasa na Metro ya hau gada na hango ruwa, sai na runtse ido.

Masu tambaya ko Venis ya cancanci zuwa, ya cancanta. Garin bai yi min laifin komai ba wannan karon. In kun je, kada ku taka duk matakalar da kuka ga ta yi kore, ku riƙe gorar ruwa a jaka. In dattijonku ya tsaya zai yi alwala a gaban mutane, ku riƙe masa jaka ku tsaya kusa da shi.

Jiya na same ta ita kaɗai, na ce zan gaya wa mutane gaskiya. Ta ce in ban da aikin yi in zo in ɗaura mata ɗankwali, da hannu ɗaya ba ya zama. Na ɗaura, ya karkace, na kwance na sake. Ta kalli madubi ta ce haka ma ya yi.

Ban karanta mata wannan rubutun ba tukuna. Amma ni ce na nuna mata matakalar.