Faifai Mai Kujera Cikin Ruwa

Ni tela ne, shagona na bakin Babbar Kasuwa, kuma karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya sa ran zan yi mashi bayanin kiɗa irin na masana. Abin da na sani kawai, a duk faɗin Katsina mutum ɗaya ne nake iya zama da shi mu saurari abin da nake so, kuma saura ƙiris in rasa shi a kan faifai guda.

Kiɗan Turawa ne, amma ba na rawa ba. Waƙa ɗaya sai ta cinye fuskar faifai sukutum. A fara da jita a hankali, ganga ta faɗo da gudu, sai kowa ya yi tsit, wani ya yi ta busa shi kaɗai, can kuma a komo kan abin da aka fara da shi an sake mashi kama. Maƙwabtana masu hatsi suna ce mashi kiɗan aljannu. Matata kuwa cewa ta yi makaɗan ba su gama shawara ba aka ɗauke su. Na daina kare kaina tuntuni. Wanda bai iya zama ya ji abu har ƙarshensa, ba ni da abin gaya mashi.

A gwanjo na samu garmahon, da sifika biyu da kwalin fayafayai, lokacin da wani malamin makaranta baƙo zai koma ƙasarsu. Ina cikin saurare wata rana sai ga wani ƙaton mutum ya kawo wando a rage mashi tsawo. Akawu ne a sakatariya. Na gama wando, bai tafi ba. Da allurar garmahon ta kai ƙarshe ya tambaye ni ko akwai saura a bayan faifan. Na ce akwai, amma sai gobe. Kashegari bayan la'asar ya dawo, kuma haka ya yi ta dawowa har furfura ta cim mamu mu duka. Ya yi ritaya, ya je Makka, kowa ya koma ce mashi Alhaji. Ni dai Akawu nake ce mashi, shi kuma Tela.

Muna da doka, ba wanda ya rubuta ta. Fuska ɗaya a rana. Ba a magana sai allura ta kai ƙarshe. Ba a ɗaga ta a tsallake wurin da ba a so. In aka ɗauke wuta a tsakiya, gobe daga farko za a sake, ko da saura kaɗan ne. In mai ɗinki ya zo, da hannu nake nuna mashi ya jira, kuma na san mutane da dama sun bar kawo mani aiki saboda haka. Su je. In an gama sai mu raba goro, mu hau gardama har a kira magariba.

Fayafayan da hoton bangonsu muke kiransu. Akwai mai matakala, akwai mai jan doki, akwai wanda ruwa ya taɓa muke ce mashi mai tabo. Akawu na iya karanta sunayen, amma ya san in ya fara Turanci zan tashi in kunna keken ɗinki. Ranar da aka tashi da zafin rai, mai jan doki muke sawa. Ranar Juma'a, da gari ke lafawa, mai matakala. A kan waɗannan ba mu cika saɓawa ba, sai dai wanda ya fi wani.

Mai kujera cikin ruwa shi ne matsalarmu. A fuskarsa ta biyu akwai wani dogon wuri a tsakiya. Ni abin da nake ji a wurin, ganga ce da babbar jita mai kauri suna ta maimaita abu ɗaya, dum, dum, kamar mata na daka a gidan da ba a iya lugude ba. Na ce makaɗan sun gaji ne suka cika faifai da banza. Akawu kuwa in an zo wurin sai in hango ya rufe ido. Ya ce duk kwalin nan babu inda ya kai wannan wuri, wai busar da ke ciki na tuna mashi da Fulanin da ke ratsa garinsu da kaka yana yaro. Na ce wace busa? Ya ce kunnena ne keke ya kashe.

A nan ya kamata in faɗi yadda muke zama. Shagona ƙunci gare shi, Akawu kuma ƙato ne mai jin zafi, don haka bencin waje ya zama nashi. Da hayaniyar kasuwa da ƙarar babura ba ya ji sosai, sai na ƙara waya, na buga ƙusa saman benci na rataya mashi sifika ɗaya. Ɗayar tana ciki, kusa da kaina. A ganina na yi adalci, kowa da tashi.

Gardamar ta daɗe tana mamu daɗi, sai da ɗansa ya sa shi cikin wani zaure na waya, inda Turawa masu son irin wannan kiɗa ke rubuta abin da suka saurara kullum. Wannan ya ce yau da safe na ji kaza, wancan ya ce ai na baya ya fi. Akawu bai yarda ya saurari kiɗa a waya ba, ya ce kamar kukan sauro ne, amma rubutun ya shige mashi rai. Wata rana ya zo yana murmushi, ya miƙo mani waya. Wai ya rubuta masu ra'ayinsa a kan mai kujera, kuma duk sun ce haka ne.

Na ce to, tunda ya samu dangi, mi ya zo nema wurin tela? Na ce mashi ba wata busa da yake ji, yana dai rufe ido ne don a san ya yi boko.

Ya dube ni ya ce, "Tela, ba laihinka ba ne. Kunnenka inda karatunka ya tsaya, nan ya tsaya."

Bai jira goro ba. Kashegari bai zo ba, ni kuma ban aika ba. Har yanzu ina ganin maganarsa ta fi tawa muni, kuma ba zan sake ra'ayi ba.

Damina ta shiga ta fita. Na ci gaba da sa faifai bayan la'asar, amma in allura ta kai ƙarshe ba wanda zan ce ma komai. Abin ya zama kamar cin tuwo a tsaye. Sifikar waje na barta tana yi ma benci kiɗa, don taurin kai, ban kuma taɓa fita na zauna ba. Bencinsa ne.

A masallaci na ji cewa ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ɓarin dama, har magana ta yi nauyi. Na je gaisuwa gidansa a Ƙofar Marusa kamar kowa. Na same shi jingine a zaure, ya rame, rigar da na ɗinka mashi ta yi mashi yawa. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ta mutanen da ba su san abin da za su ce bayanta ba. Na tashi zan fita ya riƙe mani hannun riga da hagu. Da ƙyar na gane abin da yake cewa. Kujera yake cewa.

Kashegari na rufe shago, na kwance wayar sifikar nan daga ƙusa, na ɗora kaya a babur mai ƙafa uku. Zauren ƙarami ne, sai na jera sifikun biyu wuri ɗaya a kan tabarma, muka zauna gabansu kafaɗa da kafaɗa. Ba mu taɓa zama haka ba. Na sa fuska ta biyu, na shirya jure dakan nan don Allah da zumunci.

Da aka zo wurin, dakan ya fara kamar kullum. Sai ga wata sarewa ta fito daga sifikar da ta yi shekara da shekaru rataye a waje, siririya, tana hawa tana sauka a kan gangar, ba ta sauri. Na duba sifikar, na duba Akawu. Shi kuma idonsa a buɗe, ya zuba shi a kan tawa sifikar, ya ɓata fuska. Doka ta hana magana, muka yi shiru har ƙarshe. A cikin shirun nan na gane abin da aka yi. Makaɗan sun raba kiɗan ne da gangan a wannan wuri, busa gefe ɗaya, ganga gefe ɗaya. A sauran fayafayai rabon bai yi tsanani ba, shi ya sa ba mu lura ba. Ni da hannuna na buga ƙusar, shi kuma da bokonsa ya zauna ƙarƙashinta.

Allura ta kai ƙarshe tana ƙas, ƙas. Ya daɗe yana haɗa maganar a baki.

"Tela," ya ce, "wannan dakan kake ji?"

Na ce shi nake ji.

"Sun ɓata shi. Cire taka sifikar."

Na ce ba zan cire ba, haka masu abu suka yi abinsu, kuma ni yanzu ban ga laifin wurin ba. Ya ce dama ya sani, duk abin da ya ce sai na ce kishiyarsa. Ya yi dariya da rabin baki har miyau ya zubo mashi, na goge mashi da hular da ke gefensa, ya ce hular Makka ce, na ce ai ruwan bakin Alhaji ne.

Garmahon yana zauren har yau. Bayan la'asar nake rufe shago in tafi, masu ɗinki sun ƙara raguwa. Abin da ke ci mani rai, in na kwanta, shi ne sauran fayafayan, don ban san ko nawa ne na ji rabinsu na yanke hukunci ba. Mun fara bin su daga farko, fuska ɗaya a rana. Mai kujera kuwa, shi ya ce ya fita daga ransa, ni kuma na fi neman a sa shi. In ranarsa ta zo yakan sa in matsar da tawa sifikar can bakin ƙofa, in juya fuskarta waje. Ina matsarwa, amma ba na juyawa, kuma ya sani.